Sunan da Na Sa wa Ɗana

Daren Laraba, Talata Mafara

Yau sati bakwai da aka ɗauke Imanuwel a hanyar Gidan Goga, ya je kai wa asibitin ƙauye magani. Barci ya ƙi zuwa.

Da la'asar maƙwabciyata Hajiya Luba ta shigo da wani dattijo da masu garkuwa suka sako shekaranjiya. Bayan doguwar gaisuwa ya sunkuyar da kai ya ce, "Inna, wallahi na gane shi da idona. Shina da rai, amma ƙahwa ta kumbura, ba shi iya takawa." Na ce suna ba shi abinci? Ya kau da kai. Hajiya ce ta riƙe ni.

Matar fasto ta zo da magariba. Ta ce, "Mama, ki tuna ma'anar sunan ɗanki: Allah yana tare da mu. Bai taɓa saɓa alkawari ba." Na ce amin don kunya kawai. Ni na zaɓi sunan nan bayan na binne 'ya'ya biyu, na yi shekara talatin ina kiransa da gadara. Yau ya yi mini nauyi a baki.

Na durƙusa, addu'a ta ƙi fitowa. Ya Ubangiji, ban ce ka yi ƙarya ba, na gaji ne. In ba za ka zauna da mu duka ba, ka bar ni ni kaɗai a ɗakin nan, ka tafi dajin wurinsa.