Yayana ya so a rufe Sito, yanzu kuma yana neman kujera a kwamitinmu

Malama, barka da aiki. Don Allah ki taimake ni da shawara, domin abin da ke cina a rai na kasa faɗa wa kowa a garinmu. Duk wanda na tunkara cewa zai yi in gode wa Allah in yi shiru, tunda ni ce na yi nasara. Godiyar kam na yi, shirun ne ya gagare ni.

Ni ma'aikaciyar jinya ce. Da na yi ritaya na tattara na dawo ƙauyenmu da niyyar in huta in riƙa kiwon kaji, amma ban jima ba zaman ya ishe ni. A bayan kasuwa, kan ɗan tudu, akwai wani tsohon sito na ƙungiyar manoma da ta watse tun ina budurwa. Iska ta kwashe rabin rufinsa, awaki ne ke kwana a ciki. Na je ofishin hukuma na roƙa a ara mana shi mu mayar da shi zauren jama'a. Magatakarda ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce in ɗauka, ai ko awakin ma sun fara ƙorafi.

Mu huɗu muka fara: ni, da wani malamin firamare da muke kira Dogo, da kafintan garin, da matar mai kantin magani. Da kwanon wanki muka riƙa kwashe kashin awaki. Kafinta ya lallaɓa rufin da tsofaffin kwanukan da mutane suka ba mu, wani ja wani tsatsa, in kika hango daga nesa kamar rigar da ta sha faci. Muka yi rajista a matsayin ƙungiyar taimakon jama'a, da tsarin mulki da kwamiti da komai, don kada gobe wani ya ce kayan gidansu ne. Mun raɗa wa wurin suna mai daɗi, har da allo a bakin ƙofa, amma har yau Sito kowa ke ce masa.

Malama, da za ki zo ki gani. Da safe ina gwada wa tsofaffi hawan jini, kodayake rabinsu gardama da sauraron rediyo ke kawo su. Akwai wani dattijo da sai na gwada shi sau biyu, wai na farko na'urar ba ta gama farkawa ba. Da hantsi matan aure na koyon karatu da ɗinki a kan kekuna biyu da aka ba mu. Da la'asar yara su cika wurin da aikin gida, Dogo na zagayawa a kansu. Ba wanda ke karɓar albashi. Ni ke buɗewa, ni ke rufewa, har maigidana ya fara tsokanata wai in kai katifata can.

To ga inda matsalar take. Ina da yaya, uwa ɗaya uba ɗaya, dillalin siminti ne da takin zamani, yana da manyan motoci. Duk shekarun da Sito ya yi a yashe bai taɓa kallonsa ba. Ranar da muka gama daɓen ƙasa muka shafa fenti, ranar ya gane cewa wurin na bakin hanya ne, kuma ya dace da ajiyar kaya. Da farko da lalama ya zo, ya ce zai gina mana ɗan ɗaki can bayan gari mu bar masa wannan. Na ce masa Yaya, tsofaffin nan da kyar suke kawo kansu nan ma. Bai ƙara yi mini maganar ba. Sai dai kawai muka wayi gari da takarda manne a ƙofa: wai an kai ƙara cewa bangon ya tsage, ginin na iya ruftawa da yara, za a turo injiniya ya duba, in ya tabbatar a rufe. Ban sha wahalar sanin wanda ya kai ƙarar ba, direbansa ma da bakinsa ya riƙa faɗa a tasha.

Daga nan gaisuwa ta yanke tsakaninmu. Matarsa in ta hango ni sai ta sauya hanya. Innarmu ta tsufa, ƙafafunta ba sa ɗaukarta, kuma a gidansa take, don haka zuwa gaishe ta ya koma mini kamar zuwa kotu. In shiga a tsarge, in fito a tsarge. Wasu iyaye suka janye 'ya'yansu saboda tsoro. Ban ga laifinsu ba, amma na yi kuka a ɓoye ba sau ɗaya ba.

Muna cikin jiran injiniya aka yi wani ruwa da ko tsofaffi sun ce ba su taɓa ganin irinsa ba. Tun safe ake zubawa, kafin azahar rafi ya ɓalle ya shiga unguwar gangare. Na ruga na buɗe Sito. Mutane suka yi ta shigowa da tabarmi da tukwane da jarirai, muka jingine bencina a bango, muka ɗaura igiya muka rataya zannuwa aka raba ɓangaren mata da na maza. Ina tsugune ina wanke wa wata mata ƙafar da kwano ya yanka, sai na lura mutane sun juya wajen ƙofa. Na ɗaga kai, sai ga matar Yaya da 'ya'yanta a bakin ƙofa, a bayansu kuma Yaya ne goye da Inna, ba hula, ba takalmi, ruwa na tsiyaya daga gemunsa. Daidai gefen takardar nan ya tsaya.

"Akwai wuri?" Abin da ya ce ke nan.

"Shigo da ita, Yaya," na ce, "ga gadon awo can, babu kowa a kai."

Ashe ruwan ya shiga gidansa, katanga ta faɗi, simintin da ya tara a tsakar gida duk ya daskare ya zama dutse. Sun fi mako tare da mu. Shi da ya ce ginin zai rufta, a jikin bangon nan ya riƙa jingina kansa yana barci.

Ana cikin haka jami'an hukuma suka zo duba ɓarnar ruwa, har da injiniyan da muke jira. Ya tarar da mutum sama da ɗari a cikin ginin da aka ce masa ya kusa faɗuwa, alhali sababbin gidaje na kwance a gangare. Ya zagaya, ya ƙwanƙwasa bango ciki da waje, ya hau ya leƙa rufi, sannan ya fito ya ɓamɓare takardar da hannunsa ya cusa a aljihu. Bayan ruwa ya janye aka kira mu ofis, aka ba ƙungiyarmu wurin na dindindin, a rubuce. Magatakardan da ya yi mini dariya shi ya miƙe ya ba ni kujera. Ranar da muka dawo da takardar, gari duk ya fito, tsofaffina suka jeru a benci kamar su suka ci zaɓe, yaran da aka janye duk suka dawo har da ƙari. Yanzu daga ƙauyukan maƙwabta ake zuwa tambayarmu yadda muka yi. Wallahi Malama, a duk shekarun aikina ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba.

Kwanan nan sai ga Yaya har gida. Ya ce zai gina mana ɗakin duba marasa lafiya da banɗakuna, komai daga aljihunsa. Amma yana son a ba shi kujera a kwamiti, kuma a sa wa zauren sunan marigayi babanmu. Bai ce in yi haƙuri ba, bai ko ambaci ƙarar ba, kamar ba a yi ba. Kwamiti ya rabu. Dogo ya ce ranar da Yaya ya shigo ta ƙofa shi zai fita ta taga. Kafinta ya ce mu karɓi bulo mu bar mai bulo. Matar mai kantin magani ta ce ɗan'uwana ne, ni zan yanke. Inna kuwa kullum na je sai ta riƙe mini hannu tana hawaye, wai tana son ta ga mun haɗa kai kafin ta koma ga Allah.

Banɗakin nan muna bukatarsa ƙwarai, mata masu ciki sai sun koma gida a tsakiyar karatu. Amma ina tsoron in ya shigo ya fi ƙarfinmu, don na san Yaya, bai iya zama a wuri ba shi ke juya shi ba. Sannan ba zan ɓoye miki ba, ina jin daɗin yadda yake sunkuyar da kai in mun haɗu. Shi ya sa na kasa gane ko Sito nake karewa ko nasarata nake lasa. Me zan yi?

Taki,
Mai Gwajin Jini

*

'Yar'uwa Mai Gwajin Jini,

Kafin komai, barka. Ku huɗu kun tayar da abin da hukuma ta yi wa dariya, kuma ranar da gari ya shiga uku shi ya rufa wa kowa asiri. Daɗin da kike ji halal ɗinki ne, ki ji shi sosai. Sai dai kada ki bari ya zauna miki a kujerar yanke hukunci.

Matar mai kantin magani ta yi kuskure da ta ce ke za ki yanke. Kasancewarsa ɗan'uwanki shi ne babban dalilin da ya sa bai kamata ki yanke ba. Kun rubuta tsarin mulki don kada a ce Sito kayan gidan wani ne, to wannan ya haɗa da gidanku. Ki kai maganar gaban babban taron ƙungiya, ki bayyana yadda kuke da shi, ki janye daga ƙuri'a. Wannan zai kare Sito, zai kuma kare ki, domin ko me aka yanke ba wanda zai ce wa Inna ke kika hana ko ke kika ba shi.

Sannan ku warware ƙunshin da Yaya ya kawo, don abu uku ya ɗaure da igiya ɗaya. Gini kyauta ne, ku karɓa da hannu biyu, amma a rubuta a gaban shaidu cewa mallakar ƙungiya ne, babu sharaɗi, babu ranar da za a ajiye buhu ko ɗaya a ciki. Kujera kuma ba a sayenta da bulo, in kun sayar masa yau, gobe wanda ya fi shi kuɗi zai zo taya ta shugaba. Ya yi rajista kamar kowa, a ba shi aikin da ya iya, ga magudanun ruwan unguwar gangare na jiran mai motoci, in lokacin zaɓe ya yi ya tsaya jama'a su duba aikinsa. Shi kuwa suna, zauren na gari ne, ba a sauya masa. Amma ɗakin da zai gina, in taro ya amince, ban ga aibu ba ya ɗauki sunan mahaifinku. Kada ki manta ke ma babanki ne.

Ki faɗa wa Dogo tsoronsa na kan hanya, amma maganinsa doka ce mai ƙarfi, ba rufe ƙofa ba. Zauren da ya karɓi mutum ranar ambaliya bai kamata ya kore shi ranar da ya zo da alheri ba.

Game da haƙurin da bai ba ki ba, akwai mazan da kalmar ke maƙale musu a wuya, sai su biya da aiki. Mai yiwuwa ginin nan shi ne ban-haƙurinsa, mai yiwuwa kuma wata dabarar ce. Ba sai kin yi duba ba. In ya yarda ya gina ba tare da an yi masa alkawarin kujera ba, kin sami amsarki. In ya janye, kin sami amsarki, kuma ba ku yi asarar komai ba sai jinkiri. Banɗaki dai garin da ya yi wa sito rufi da tsofaffin kwanuka ba zai kasa gina shi ba.

Abu na ƙarshe, kuma shi ya fi muhimmanci: Inna ba kwamiti take roƙo ba, 'ya'yanta take son gani wuri ɗaya. Wannan ba ya bukatar ƙuri'ar kowa. Tun kafin ranar taro ki shirya ki je gidan Yaya, ki gaishe shi yadda ƙanwa ke gaida yayanta, ki tambaye shi yadda gyaran katanga ke tafiya, ki zauna ku ci abinci a gaban tsohuwa, kada ki ambaci Sito ko sau ɗaya. Ke ce a sama yanzu, saukowar ta fi miki sauƙi fiye da yadda hawowa za ta yi masa.

Allah ya ƙara wa Inna lafiya, ya daidaita tsakaninku, ya sa wannan aiki ya daɗe yana amfanar jama'a bayan ku duka. Ki gaishe mini da tsofaffinki.