Musayar Juma'a da Lahadi

Litinin, 6 ga Mayu, 2024

An raba mana sabon katin shiga kamfani, raina a ɓace yake. Shekara huɗu ina ɗaure kayan roba a Sharaɗa da sunan Shifa'u Gwadabe, sunan kakana. Yanzu wai sai abin da ke katin ɗan ƙasa. Ga shi nan ɓaro-ɓaro a ƙirjina: Shifa'u Ya'u Gwadabe. Ni wa na roƙa ya dawo min da sunan mutumin nan?

Talata, 7 ga Mayu

Baba Ishaku maigadi, tsohon soja, mutumin kudancin Kaduna, kullum sai ya tsokane ni a bakin get, wai Hajiyar latti. Yau bai yi ba. Ya riƙe katina ya fi minti guda yana kallo. Can ya ce, "Ya'u Gwadabe wanda ya je Saliyo? Kofur?" Na ce ban san shi ba, ku ba ni katina.

Kuma ai ban yi ƙarya ba. Ina da shekara uku ya tafi, a 1998. Abin da ya dawo mana takarda ce mai layi huɗu, wai ya gudu daga bakin aiki. Aka tashe mu daga bariki. A makaranta "'yar mai arcewa" ake ce min har na gama firamare. Umma ko gaisuwar mutuwa ba ta samu ba, don wanda ya gudu ba a yi masa zaman makoki. Har yau takardar tana ƙasan akwatinta.

Juma'a, 10 ga Mayu

Rut, abokiyar aikina, ta riƙe min aikin rana, na raka Umma dubiya. Jibi ni zan riƙe mata Lahadi ta je coci. Haka muke yi tun bara, ba ma gaya wa sufabaiza.

Talata, 14 ga Mayu



Da aka tashi ƙarfe huɗu Baba Ishaku ya ce in zauna a bencinsa. Na ce ina sauri. Ya ce, "'Yata, babanki bai gudu ba." Sai na zauna.

Abokai ne. Shi yana karɓar wa Ya'u gadin Juma'a ya je masallaci, Ya'u ya karɓar masa na Lahadi, ba tare da sanin manya ba. Wata Lahadi aka rubuta mutum uku su tsare wata gada, har da Ishaku. Ranar za a yi masa baftisma a sansani. Ya'u ya tafi a madadinsa. Aka kai wa gadar hari. An tsinci gawa biyu, ta ukun ba a gani ba, ga kogi a ƙasa. Da aka zo ƙirga mutane, takarda ta ce uku: biyu sun mutu, ga Ishaku da ransa, lissafi ya cika. Shi Ya'u da ba sunansa a takardar gadi, kuma ba a gan shi ba, sai aka ce ya gudu.

Na ce to ku me kuka ce? Ya sunkuyar da kai. Wai tsoro ya ji. Barin wurin gadi ba izini a lokacin yaƙi ba ƙaramin laifi ba ne. Sai ya ce wa manya yana gadar, daji ya faɗa ya tsira. Har takardar yabo aka ba shi.

Ban san lokacin da na ce, "Allah ya isa" ba. Da ƙarfi, masu fita suna juyowa. Tsoho sa'an ubana! Ban yi nadama ba.

Laraba, 15 ga Mayu

Ta ƙaramar ƙofa na shiga. Ba na son ganin fuskarsa.

Asabar, 18 ga Mayu

Rut ta zo da fara'arta, "Gobe fa, ƙawata." Na ce na daina, kowa ya riƙe ranarsa. Ta tsaya tana kallona kamar na mare ta. Ba ta yi min komai ba, na sani. Ni dai kalmar Lahadi ma ba na son ji.

Ban gaya wa Umma ba tukuna. Ta ina zan fara?

Alhamis, 23 ga Mayu

Na dawo na tarar da takalmin namiji a ƙofar ɗakinmu. Baba Ishaku ne. Ya bi tambaya har gidanmu a Zawaciki. Yana durƙushe a kan siminti, Umma ta shimfiɗa masa tabarma ya ƙi hawa. Ya riga ya faɗa mata komai.

Ni jira nake ta kore shi. Sai Umma ta ce, "Da safe ne ko da yamma?" Ya ce da hantsi. Ta ce, "To ya yi sallar asuba ke nan. Alhamdulillahi." Shi ke nan abin da ta ce. Shekara ashirin da shida!

Da ya tafi na ce Umma, ko ɗan faɗa ba za ku yi masa ba? Ta ce ita ba faɗa take so ba, so take a goge kalmar gudun nan kafin ta mutu. Ta ɗauko takardar daga akwati ta sa min a hannu. Duk ta yi laushi a wurin ninki.

Litinin, 3 ga Yuni

Ofishin tsofaffin sojoji. Dole muka tafi tare, don ba ni da wata shaida sai shi. A Adaidaita na matsa can ƙarshen kujera.

Wani dattijo mai farin gashin baki ya saurare mu. Ya ce gyaran fayil sai da takardar rantsuwa daga kotu da kuma hujja a rubuce, baki kaɗai ba ya goge abin da aka buga wa hatimi. Na ji zuciyata ta karye, don ina za mu samo hujja? Sai Baba Ishaku ya buɗe Littafinsa Mai Tsarki ya zaro wani ɗan kati da ya yi ruwan ƙasa. Katin baftisma ne, da kwanan wata da sa hannun limamin cocin sojoji. Ranar harin ce daidai. Ba zai yiwu mutum yana gada yana kuma coci ba.

Dattijon ya cire tabarau ya ce, "Saje, ka gane abin da kake yi? Fayil biyu za a taɓa, ba ɗaya ba. In aka wanke nasa, naka ne zai ɗauki dattin." Ya ce ya gane. Ya fito da takardar yabon, har da firam ɗinta, ya ajiye a tebur. Ya ce, "Ba tawa ba ce."

Ban ji tausayinsa ba. Na dai lura rigarsa ta jiƙe sharkaf da gumi, ga fanka tana aiki.

Talata, 4 ga Yuni

Kotu, rantsuwa, hotuna huɗu, fom kala uku. A fom ɗin farko akawu ya rubuta Yahaya a maimakon Ya'u, na ce a sake. Ya ce ai duk ɗaya ne. Na ce ba ɗaya ba ne, Malam, irin wannan duk ɗayan ne ya kawo mu nan.

Alhamis, 18 ga Yuli

Shiru, ba labari daga ofishin tsofaffin sojoji.

Lahadi, 11 ga Agusta

Ina gida. Rut ta yi wata uku ba ta samu zuwa cocin safe ba in aikinta ya faɗo Lahadi. Muna gaisawa sama-sama.

Umma ta ce wai Baba Ishaku ya gaya mata mutumin nan, to, Ya'u, yana da hotona a cikin hularsa ta ƙarfe. Wai kuma ba ya iya shan shayi sai ya huce sarai, har dariya suke masa. Ni ma haka nake. Ban taɓa sanin daga ina na samo ba.

Laraba, 4 ga Satumba

An kira Baba Ishaku Kaduna, an yi masa tambayoyi kwana biyu. Na ji a bakin masu gadi cewa ya faɗa wa matarsa da 'ya'yansa, babban ɗansa ya daina yi masa magana. Ya rame. Yau na bi ta babban get, don ƙaramar ƙofar ta cika taɓo. Ya ce sannu, 'yata. Na ce yauwa.

Juma'a, 8 ga Nuwamba

Takardar ta zo. Ambulan mai ruwan ƙasa, layi shida. An soke maganar gudu. An rubuta cewa Kofur Ya'u Gwadabe ya rasa ransa a bakin aiki.

Na karanta wa Umma sau uku, ina fassara mata. Ta ce in nuna mata wurin da aka rubuta, ta ɗora yatsa a kai ko da ba ta iya karatun boko ba. Sannan ta miƙe ta ce in je in faɗa wa liman da maƙwabta, gobe za a zauna.

Asabar, 9 ga Nuwamba

An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Mutane suna shigowa suna cewa, "Ya haƙuri? Allah ya jiƙansa," Umma tana amsawa a nutse, tana gyara mayafi, kamar jiya aka yi rasuwar. Wasu ma ba su san ta taɓa aure soja ba. Baffa, ƙanin Ya'u, wanda ya yi shekaru ba ya ambaton sunan wansa, ya zo yana kuka kamar yaro.

Baba Ishaku ya zo da tsohuwar hularsa ta soja a hannu. Ya tsaya nesa, jikin katanga, cikin rana. An soke masa yabon, an rubuta abin da aka rubuta a nasa fayil ɗin. Na ɗebi ruwa a kofi na kai masa, don ba a barin baƙo da ƙishi a gidan makoki, ba don komai ba. Ya ce, "Ya haƙuri?" Na ce haƙuri sai ma'abocinsa. Sai na koma ciki da sauri.

Lahadi, 10 ga Nuwamba

Ina kamfani. Rut tana coci. Amma na ce mata wannan karon sai mun rubuta a littafin sufabaiza, ranar da sa'a da sunan wadda ta karɓa, mu sa hannu mu biyu. Ta yi dariya ta ce ai ba yaƙi za mu ba. Na ce ke dai sa hannu.

Na rubuta sunana duka ukun. Layin ne dai da tsawo.

Na tsaya a get kaɗan, shayina yana hucewa. Na tambayi Baba Ishaku ko Babana dogo ne.