Babu Kowa a Kan Rimi

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa gare ka, ɗana na fari. Gaisuwa da aminci, da roƙon Allah Ya sanyaya makwancinka, Ya yalwata shi. Bayan haka.

Na sani ba za ka karanta wannan ba. A kan allonka nake rubutawa, wanda ka bari rataye a ɗakin kakarka Inna tun kana yaro, domin takarda ta fi ƙarfina. In ya cika sai in wanke, in zuba ruwan a gindin magaryar bayan ɗaki, in sake farawa. Ban tambayi liman ko ya halatta a yi wa mamaci wasiƙa ba, don ina tsoron abin da zai ce. Idan laifi ne, nawa ne ni kaɗai, Allah Ya yafe mini.

Shekara ta zagayo. Liman ya ce a lissafin wata ta cika tun kwanakin baya, amma ba wanda ya ji ta a jikinsa sai yanzu da gero ya fid da kai, dawa ta isa huɗa. Jiya aka yi muku sadaka, kai da sauran. Abin da ya sa na ɗauko allo kuwa, ƙanenka ne, Idi. Ana haɗa runduna za a je ɗaukar fansa, yana so ya bi. Tun da babanku ya rigaye mu, ya san ba zai fita ba sai na buɗe baki na ce na yarda. Ya roƙi in ba shi amsa kafin a tashi. Da wa zan yi shawara? Kai ne babba.

Bari in fara ba ka labarin gida. Matarka Hanne ta sauka lafiya bayan girbi, namiji. Audi ake ce masa, kamar kowane yaron da bai tarar da ubansa ba. Kunnuwanka ne ya kwaso, har da wannan lanƙwasar ta hagu. Ni nake goyonsa, ina ce masa angona, ina yi masa rawa a tsakar gida har maƙwabta na dariya. In an yaye shi ni za a kawo wa, yadda aka kai ka wurin Inna. Gonarka ta fadama Idi ya shuka rabi, rabin ya koma ciyawa. Jakinka yana nan, ya tsufa. Inna ta daina gani sosai, in ta ji takun namiji a zaure har yau kai take tambaya.

Ka san ban taɓa kiran sunanka ba. Haka muka tarar, uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta nuna nata ne. Ka tashi kana ce mini Yaya kamar yadda ka ji ƙannena suna faɗi. In ina son ganinka sai in ce a kira yaron nan. In an yabe ka a gabana sai in sunkuyar da kai in ci gaba da kaɗi. Ban ga aibin wannan ba, har yanzu ma ba na cewa magabata sun yi kuskure. Sai dai ban sani ba ko ka sani. Ka san ni nake ajiye ƙanzon tuwo in ba Inna ta ba ka? Ka san rigar da ka sa ranar aurenka, zarenta daga mazarina ya fito? Ka san ranar da ka sauke Alƙur'ani na shiga bayan rumbu na yi sujada, ƙasa ta cika mini goshi, na ce wa mutane faɗuwa na yi?

Ranar da muka rasa ka ba ta barina. Gayya ce a gonar mai gari, kai kuma ranarka ce ta tsaro a kan rimi, da ƙaho a wuyanka. Mai gari ya aiko ka sauko. Ya ce wane mahari ne zai ƙetare rafi da damina, ruwa har wuyan doki? Tun kakanni da rani ake hari. Ka ƙi da farko, an faɗa mini. Sai makaɗa suka juya gangar noma suka fuskanci rimi, suna cewa ga ƙato can ya hau bishiya kamar biri, sa'o'insa na cin ƙasa, ko garma ce ta yi masa nauyi a aiko masa da ludayi. Duk gona ta ɗauki dariya. Wane saurayi ne a ƙasar nan za a kira gayya da ganga ya zauna? Ka sauko.

Da hantsi muka kai fura. Na hango ka tun daga nesa, ka bar sa'o'inka a baya, makaɗan da suka zage ka su ne suke binka da kirari. Ka zo kana haki, ka miƙo hannu ga ƙwaryar da ke hannuna. Mutane na kallo. Sai na miƙa wa gwaggonka ta ba ka. Ka yi murmushi, don ka san dalili. Iyakar abin da ya shiga tsakaninmu ke nan.

Ba mu kai gida ba muka ji ganga ta yanke. Ta cikin geron arewa mahara suka fito. Mun kwanta cikin sabara, ina jin kofato, ina jin suna kiran juna, kuma abin da ban faɗa wa kowa ba shi ne Hausa suke yi irin tamu. Ɗaya ya wuce kusa da ni har ina ganin layun da ke damtsensa. Wani malami ne ya zauna ya rubuta masa, da tawada irin wannan da ke gabana. Da la'asar aka kwaso ku. Waɗansu aka binne, waɗansu aka kora gaba a igiya, har yau ba labari.

Mata sun yi ta yaba haƙurina a zaman makoki, wai ko ɗigon hawaye. Ba haƙuri ba ne. Na daɗe ina ɓoye ka, har ban san inda zan ɗauko kukan ba.

Jiya bayan an raba waina an yi addu'a, maza suka zauna a zaure, mu muna ji ta bayan zana. Zan faɗa maka abin da na ji, ba ƙari, Allah Ya tsare ni da gulma. Liman ya ce zunubanmu ne, tauye mudu da wasa da salla da masu kai gumba gindin tsamiya. Tanko maƙeri ya tambaye shi ko mahara sun tsaya sun tambayi wa ke tauye mudu kafin su soke shi, don shi ɗansa da aka kashe ko mudun bai mallaka ba. Aka yi ta ba shi haƙuri, bai yi shiru ba. Ya ce masu mulkinmu sun san hanyar garin nan sarai da kaka, jakadunsu ba sa ɓata in dammunan hatsi sun taru, amma ranar da aka neme su sai da ƙasar kabari ta bushe suka iso, suka ci abin da mahara suka rage, dawakinsu suka kiwace dawar marayu. Ban ce ya yi daidai da ya faɗa a gaban jama'a ba. Amma da idona na ga dawakin.

Waɗansu suka ce a tashi a koma cikin ganuwar Gozaki. Wani tsoho ya ce ganuwa ba a tuƙa ta, gonakinmu kuwa ba su da ƙafa. Waɗansu suka yi ƙasa da murya suka ce a aika wa maharan da hatsi a nemi amana, kamar yadda aka ce wasu ƙauyuka na yi. Aka ce ranar da manya suka ji, su za su ƙone garin da kansu, su kira mu maciya amana. To, ina talaka zai sa kansa? Mai gari dai yana ta jan carbi.

Daga nan wani, ba zan kama sunansa ba, ya ce duk wannan magana ce, da mai ƙaho ya zauna inda aka ajiye shi da yau ba a toya waina ba. Mutumin nan yana cikin waɗanda suka fi kowa dariya ranar da ake maka kiɗan biri. Mai gari bai ɗaga kai ya ce shi ya aika ba. Idi yana zaune a wurin.

Shi ya sa yake son tafiya. Ya zo ya durƙusa a ƙofar ɗakina, idanunsa jajur, ya ce ba zai iya zama a garin da ake cewa yayansa ya sayar da mutane da kirari ba. Ya ce shirin da aka yi, yanzu za a tafi da damina, a same su a gona kamar yadda suka same mu. Na tambaye shi su wa. Ya ce su. Na ce waɗanda suka zo bisa dawakai za a tarar riƙe da garma? Ni na san wanda za a tarar. Wani ƙauye ne irin namu, da gero ya fid da kai, da mata ɗauke da fura. Masu dawaki na can cikin birninsu, namu da nasu, in an dawo su raba ganima da bayi. Ni mace ce, ba a tambaye ni ba, karatuna kuma bai wuce abin da babana ya koya mini ba. Amma a cikin ɗan abin da ya koya mini ban ga inda jinin manomi ke biyan jinin manomi ba.

Sai dai in na hana shi, me na ba shi? Zama cikin gori, a garin da ba shi da ganuwa. Kai da kake inda gaskiya take, wanne ne ya fi? Ko ku ma ba a faɗa muku?

Na wanke allo, na bar shi kwanaki. Ga ni na dawo.

Na hana shi. Na kira shi da sunansa, shi da nake da ikon kira, na ce ban yarda ba, kuma in ya taka ƙafa ya bi su ban yafe nonona ba. Ban taɓa faɗa wa ɗa irin wannan magana ba, bakina har yanzu ɗaci yake. Ya daɗe a durƙushe, sannan ya ce to. Runduna ta tashi shekaranjiya, samarin garin nan da yawa sun bi. Matan da 'ya'yansu suka tafi ba sa amsa gaisuwata sosai. Idi yana shigowa ya gaishe ni kamar kullum, amma ba ya kallon fuskata. Na rasa ɗaya a gona, ɗayan kuma ina jin na rasa shi yana zaune a gidana.

Yau kuma gayya ce. Gonar mai gari, ita dai. Dawa ba ta san makoki ba, in ba a yi huɗa ba yunwa ce za ta ƙarasa mu. Hannaye sun yi kaɗan tun da samari suka tafi, sai aka ce kowa ya fito, har mai tsaro. Wai runduna tana arewa tsakaninmu da su, wa zai iso nan? Duk shekarar nan ba a bar rimi babu kowa ba, sai yau. Idi ya ɗauki garmarka ya fita tun da sassafe. Wannan karon bai nemi izinina ba, ba a neman izinin uwa don zuwa gayya.

Ina jin ganga daga nan inda nake zaune. Na leƙa ta kan zana sau da yawa. Babu kowa a kan rimi.

Ƙahonka yana wurina, gwaggonka ce ta tsinto shi a gona. Na gwada busawa a cikin ɗaki, iska kawai ke fita. Muryata kuwa ka san ta, ba ta ƙetare zana. Duk da haka in mun kai fura ba zan dawo da mata ba. Akwai suri a gefen gonar, zan hau in tsaya in fuskanci geron arewa har a tashi, ko za a yi mini kiɗan biri. Ban sa rai zai hana komai ba. Abin da Allah Ya rubuta ba allona ba ne da zan wanke.

Hanne tana daka a tsakar gida. Ɗazu wata ta yaba Audi, na ga ta kau da kai kamar ba ta ji ba. Na buɗe baki zan yi mata magana, na rufe. Me zan ce mata? Yarinya ce mai kunya, yadda aka koya mata take yi.

Fura ta haɗu, suna jirana a ƙofa. Saura wuri kaɗan a ƙasan allo, kuma babu mai kallo. Haruna. Haruna, ɗana. Da na ba ka ƙwaryar nan da hannuna.

Wannan ba zan wanke ba. Allah Ya jiƙanka, Ya sada mu inda ba a kau da kai. Sai na zo.

Daga wadda kake ce wa Yaya,
uwarka, Rabi.