Kunyar Suruki Ba Ta Ba Da Aiki

Zuwa ga Munir, sanyin idona, ruwan randata a tsakiyar zafin Agege, inuwar da na zaɓa na bar sauran inuwoyi. Ina gaishe ka, amma ka sani raina a ɓace yake.

Ashe guduwa za ka yi? Direban da ke kawo wa yayana Sadisu tumatir a kasuwar Mile 12 ne ya tona maka asiri, wai ka roƙe shi ya tafi da kai Arewa ranar Asabar. A bakin direba zan ji, Munir? Ni da muka fake tare a ƙarƙashin gada ruwa na tsuga, ka yafa mini rigarka kana rawar ɗari, kana rantsuwa Legas ba ta isa ta raba mu ba?

Tun da aka ƙwace maka babur ɗin okada kake yawon neman aiki, duk inda ka je a ce ka kawo wanda zai tsaya maka. To wa ke tsaya wa baƙi a unguwar nan in ba Babana ba? Mutanen Maraɗi da bai san iyayensu ba ya kama hannunsu ya kai su gadi. Ya kai wasu mayankar Oko-Oba wurin abokansa masu sana'ar fata. A masallaci bayan la'asar har cigiya yake, wa ke neman aiki. Kai kuwa kana hango hularsa sai ka shige lungu kamar ɓarawon akuya, wai kunyar suruki. Surukin da ko goro ba ka kai masa ba tukuna! Wannan ba kunya ba ce, girman kai ne, rawanin tsiya.

Ka san abin da ya fi ƙona mini rai? Jiya Baba ya tambaye ni ko yaron nan ya raina shi ne. Na shige ɗaki na yi kuka.

Haba farin watana, matambayi ba ya ɓata. Gobe ka zo ƙofar gida, ka cire takalmi, ka durƙusa, ka faɗi buƙatarka da bakinka. Ba zan roƙar maka ba, don miji nake so, ba ɗan goyo ba.

In ka tafi, Allah ya sani ba zan kalli wani ba. Amma wallahi ba zan yafe maka ba.

Taka har ƙasa ta rufe idona,
Nazifa