Hulunan da Muke Ɗinkawa a Baibai

Yayata ta kaina,

Assalamu alaikum. Ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ciwon gwiwar? Allah Ya ƙara sauƙi, Ya bar mana ke. Mu nan sai godiya. Baban yara ya koma aiki, Inna kuma ta dawo da faɗanta, kin san ita alamar lafiyarta ke nan.

Kin tambaye ni a waya yadda abin ya faru, na kasa magana. Yaya, likita ya yi ta bayani, ni bakinsa kawai nake kallo. Ban gane Auta ta tafi ba sai da nas ta zare allurar ƙarin ruwa daga bayan hannunta, na ga ba ta danna auduga a wurin ba. Kullum sai ta danna, ta ce Auta ta riƙe. Ran nan sai kawai ta ajiye hannun a hankali. Daga ranar na rufe keken ɗinkina da zane, da hular da na fara yi mata a ƙarƙashin allura.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne yaran ajin su Auta. Akwai ƙawarta da muke kira Aku saboda surutu. Ita ta zo mini da kwali a ka, ido jawur. Ashe tun da suka je dubiya suka ga Auta tana ɓoye kanta cikin bargo don magani ya zubar mata da gashi, suka ƙudura za su ɗinka wa yaran ɗakin da aka kwantar da ita huluna. Suka bi teloli suna roƙon ƙyalle, suka ɗinka da hannu, suka cika su da duwatsun ado da ƙyalƙyali. Malamarsu ta raka su asibiti. Bayan kwana biyu aka dawo musu da kayansu, wai yaran da sun sa sai su cire suna kuka, wani har kansa ya ƙuje. Aku ta ce mazan ajin sun fara yi musu dariya, rabin 'yan matan sun janye, in ban faɗa musu inda suka yi kuskure ba shi ke nan, sun bari.

Ina sa hannu cikin hula ɗaya na gane. Kan yaron da ya sha wannan magani kamar na jariri yake, ƙullin zare ɗaya sai ya ji shi kamar ƙaya. Auta ce ta koya mini. Hular farko da na yi mata juya ta ta yi baibai, ta ce ado na masu kallo ne, ita taushi take so. Na faɗa wa Aku sai a yi ɗinkin ta waje, a kuma nemi tsofaffin rigunan auduga da suka sha wanki, ba sabon yadi ba. Ta ce to in nuna mata, ita baki gare ta, ba hannu ba. Na daɗe a tsaye kafin na yaye zanen da ke kan keken. Na cire hular Auta na sa a aljihun keken, na zauna.

Yanzu duk Asabar ɗakina ba wurin sa ƙafa. Mazan da suka yi dariya su ke bin gida-gida neman riguna, su wanke su goge. Wani ya kawo ƙwallonsa muna gwada huluna a kai, ya ce ita ce kwastoma ɗaya da ba ta ƙorafi. Aku har yau mita take, wai za a ce ba su iya ɗinki ba, sai na bar ta tana liƙa fure na ƙyalle ta waje. Nas ta ce yaran har barci suke da su. Wata uwa ta aiko cewa ɗanta da ya ƙi sauka daga gado don kunya, ya sa tasa ya fita har baranda, ita kuma ta samu ta yi wanka a natse. Na yi kuka da na ji, amma ba irin na da ba.

Roƙona, ki sa 'yan biyunki su tara mana tsofaffin rigunan auduga wajen abokansu, masu taushi, ko sun koɗe ba komai. Duk mai zuwa ki ba shi.

Ki gaida maigidanki, da 'yan biyu, da takwarata, ki ce ina nan ina yi mata addu'ar jarrabawa. Inna da baban yara suna gaisuwa.

Ni ce ƙanwarki. Uwar yaron nan da ya fita baranda ta ce tana son ganina, Aku kuma ta rantse sai ta ja ni da hannu. In za su kai huluna asibiti, ina raka su har bakin matakala, in tsaya. Ɗakin dai ban shiga ba tukuna, hular Auta kuma saura gefe ɗaya ban ɗinke ba.