Ranar da Lawali ya sauko daga bene

Zuwa ga mahaifina, Malam Bawa magini.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan Allah ya kai haske kabarinka, na zo maka da labarin ɗanka Lawali, wanda ya gaji cokalin gininka, ya haɗa da taurin kanka.

Ka fi ni sanin ranar zuba kankaren bene. In an kwaɓa ba a tsayawa sai an rufe, kuma babban magini ba ya zama leburori na kallo. Ina tuna ka a Furfuri, kafaɗunka fari fat da siminti, Inna tana roƙon ka huta, kai kuwa kana dariya kana cewa, "Wa ka zamnawa kankare na bushewa?" Har yau ban ga mai zuciyarka ba. A irin wannan ranar ce jiri ya kama ka ka ɓoye wa kowa har ka faɗi, aka sauko da kai a hannu, ba ka sake tashi ba.

Tun daga nan duk ranar da Lawali zai zuba bene, gabana faɗuwa yake yi.

Yanzu yana aiki da wani kamfani a Gusau, wajen hanyar Tsafe. Sun raba wa ma'aikata wani abu kamar agogo. Yana auna bugun zuciya da zafin jiki, in abin ya yi yawa sai ya yi ƙara, saƙo ya tafi wayar mai kula da aiki. Lawali ya raɗa masa suna ɗan gulma. In ya cire shi don alwala sai ya bar shi a aljihu da gangan, har sai da mai kula ya tsare shi ya mayar.

Makon jiya, cikin zafin bazarar nan, suna tsaka da zubi agogon ya ɗauki ƙara. Kowa ya ji. Shi dai ƙeyarsa ce kawai ta yi masa nauyi, irin nauyin da kai za ka ce ba komai.

Baba, Lawali ya miƙa cokalin ga abokin aikinsa, ya sauko da ƙafarsa, ya zauna a inuwar tankin ruwa a gaban kowa. Can sai wani dattijon lebura ɗan Bungudu, wanda ashe tun safe yake daurewa, ya ajiye kwanon kankare ya zauna kusa da shi. An rufe benen ba da su ba. A asibiti aka ce jinin Lawali ya hau sosai, yanzu yana shan magani.

Ni ban taɓa alfahari da shi kamar ranar ba. Shi kuwa abin na cin ransa. Da na je duba shi ya sunkuyar da kai ya tambaye ni, wai da kana raye da ya ba ka kunya? Na ce masa da ka zauna ranar da jiri ya kama ka, da kai zai tambaya, ba ni ba.

Allah ya jiƙan ka, ya sa wahalar da ka sha dominmu ta zama hutu gare ka. Amin.

Ɗiyarka mai kewarka,
Asabe