Ƙararrawar Akuya a Ƙarƙashin Ciyawar Ulaisha

Ya Tabawa, sanyin idona, ruwan sabuwar randa a tsakar bazara, gawona mai fitar da ganye lokacin da sauran itatuwa suka zube! Gaisuwa gare ki daga Riyad, gaisuwar da takarda ba za ta iya ɗauka duka ba. Yaya Inna, yaya Bibarmu?

Na san ranki bai yi daɗi ba tun da na ce miki a waya zan sabunta iƙamata, takardar izinin zamana a nan, in ƙara shekara guda. Ba ki yi faɗa ba, ba ki yi kuka ba. "Allah ya sa shi ne alheri," kawai kika ce, muryarki ta yi sanyi kamar tokar jiya. To yau ki ba ni kunnenki, uwar ɗakina, don na ga abin da har yanzu tsigar jikina take tashi.

Kin san aikina ban ruwa ne a lambun shaƙatawa na unguwar Ulaisha. Kamfaninmu ya ba ni wata na'ura, doguwar sanda mai faifai a gindi, da abin ji da ake maƙalawa a kunnuwa. In na shafa ta bisa ciyawa, sai ta ji ƙarfen da ke binne, ta yi tsuwa. Da ita nake gano murafun famfon da ƙasa ta haɗiye. Me ban tono ba? Ƙusa, makulli, cokalin shayi. Na saba da ita har ta zame mini fartanya, ba ta ƙara ba ni mamaki.

Shekaranjiya bayan la'asar ina cikin aiki sai na ji ana bina. Ina juyawa na ga yara, maza biyu da ƙanwarsu, ƙafa ba takalmi, gashi ya sha rana. 'Ya'yan makiyayan sahara ne. Mahaifinsu ya kawo kakarsu asibiti, ya bar su da uwarsu a inuwar dabino. Ba waya a hannunsu, ko lilon da yaran gari ke rububi bai ɗaɗa su da ƙasa ba. Ni suke bi, in na taka su taka, in na tsaya su tsaya. Can babban ya yi ƙarfin hali, ya kira ni baffa da Larabci, ya ce, "Ya ammi, me ƙasa take gaya maka?"

Larabcina bai kai in amsa wannan ba. Sai na durƙusa, na cire abin jin, na sa wa ƙaramar a kunnuwa, muka riƙe sandar tare. Ba mu yi nisa ba na'urar ta yi tsuwa. Wayyo Tabawa, da kin ga idanun yarinyar nan! Suka buɗe kamar wata daren goma sha huɗu, ta ƙame, ta damƙe wandona, ko numfashi ta kasa. Na tona a hankali, kusan kamu ɗaya, sai ga wani ɗan dunƙule da ya yi kore. Babban ya karɓa, ya murza shi a rigarsa, ya ce, "Ƙararrawar akuya ce, wallahi irin tamu!"

Tsarki ya tabbata ga Allah! A nan, inda motoci ba sa barci, inda benaye suka tare sama, ashe garke ya taɓa kiwo? Wace akuya ce ta yar da ita, wane makiyayi ya neme ta ya gaji? Yarinyar ta girgiza ta, rairayi ya zubo, ta sake girgizawa, sai ƙararrawar ta amsa, siririyar murya garau, bayan shirun da Allah kaɗai ya san tsawonsa. Ta ƙyalƙyale da dariya. Na bar mata ita, suka ruga wajen uwarsu suna kaɗawa, ni kuwa na zauna daɓas a bakin ramin.

Dariyarki na ji, kurciyata. Kin tuna ranar da ɗan kunnenki ya faɗi a rairayin gulbin Maraɗi, muna sabon aure? Muka yi ta rairaye yashi da yatsu har aka kira magariba, ba mu samu ba, ni ina ta haushi, ke kina ta dariya kina cewa gulbi ma amarya yake so. Irin dariyar nan ce sak. Sai zuciyata ta tsinke, na ce: to Biba fa, wadda aka haifa bayan tafiyata? Wa yake ganin idanunta in ruwan fari ya sauka, in ɗan akuya ya lashi hannunta? Ga ni ina shan mamakin 'yar mutane, alhali mamakin tawa yana wuce ni kullum kamar ruwan gulbi! Ke da bakinki kika gaya mini, in waya ta yi ƙara sai ta ce Baba ya zo. A ranar na yi dariya. Shekaranjiya kuka na yi.

Jiya da safe na je wajen kafil ɗina, mai kamfanin da ya ɗauki nauyin zamana a nan, na ce kada a sabunta iƙamar. Ya lallashe ni, ya ce wa zai riƙe masa lambun. Na ce ina da 'yar da ba ta san fuskata ba sai a hoto. Sai ya dafa kafaɗata ya ce, "Allah ya sada ku."

Ina tafe, Tabawa, kafin a yi shuka in Allah ya yarda. Ba zan zo da abin da na ci burin tarawa ba, amma zan zo da kaina. Ki yafe mini daɗewa, ya zumar farar ƙaya, ki dawo mini da muryarki mai ɗumi. Kuma tun yanzu ki fara gaya wa Biba cewa Babanta yana da hannuwa, kuma zai ɗauke ta.

Naki ke kaɗai, yau da gobe, har ranar da ƙasa za ta rufe idona,

Gali